Rasuwar Guntuwa, Wadda Aka Ɗora wa Uku a Gurbin Biyu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fuskar da yau kwana arba'in ke nan ba ta iya haɗa ido da mutane ba, ni Kofur Nata'ala mai ritaya, wanda ya je yaƙin Burma ya dawo da ƙafafunsa biyu, nake sanar da jama'ar garinmu Abuja, da yanzu aka ce mu riƙa kiransa Suleja, musamman direbobi da 'yan kamasho da masu abinci na tasha, rasuwar tirelata Guntuwa. Ta cika wata Talata da la'asar a gangaren da ke gaba da Sabon Wuse, tana da shekara huɗu a duniya, ɗauke da kayan da suka fi ƙarfinta.

Ban yi boko ba, ban kuma taɓa jin kunyar haka ba. Malam Filibus mai rubuta wasiƙa a gindin mangwaro ne ke riƙe da alƙalami. Na ce masa duk abin da ya fito daga bakina ya sa shi yadda yake, in kuma ya ga na yi shiru ina kallon ƙasa, ya jira ni.

An haifi marigayiyar a rumfar Eugene mai walda, bayan tasha, shekara uku bayan an koma tuƙin dama. Lokacin ne baburan nan masu ƙafa uku da akwati a baya suka fara shigowa. Masu burodi da masu lemon kwalba na sonsu, amma injinsu ba ya jure tafiya daga Kaduna zuwa nan, sai an ɗauko su. Duk garin nan ni na fara ganin abinci a wurin. Ina da tsohuwar Landiroba, abin da ya rage tirelar da za ta ja.

Na tafi Kaduna na auna babur da sandata, daga tayar gaba zuwa ta baya. Akwatin da ya zarce taya ban sa shi a lissafi ba. Na dawo na dire sandar a gaban Eugene na ce ga awo, uku nake so ta riƙa ci. Ya zaro tef ɗinsa ya ja a ƙasa, ya yi zane biyu da alli, gajere da dogo.

Ya ce, "Baba Kofur, wannan gajeren na babur biyu ne, taya biyu. In uku kake so, sai dogon, da taya huɗu."

Sai na ba shi labarin da duk wanda ya taɓa shan shayi kusa da ni ya sani. A bakin wani kogi a Burma, ana ruwan harsashi, na loda alfadarai uku a jirgin da aka yi don biyu, kan wannan a gindin wancan, muka haye ba wanda ya jiƙa kofato, har Bature kyaftin ya sara mini. Na ce babur mai ƙafa uku gabansa siriri ne bayansa faɗi, a juya su kai da gindi, gajeren ya ishe ni.

Ya ce, "Baba, alfadari in ya ji jirgi ya karkata yana gyara tsayuwarsa. Babur ba ya gyarawa."

Na ce, "Lokacin da nake loda alfadarai kai ko rarrafe ba ka fara ba. Yanka ƙarfe."

Ya yanka. Haka aka haife ta gajera, 'yan tasha suka raɗa mata Guntuwa, ni kuwa na ɗauki sunan a matsayin kirari.

Halinta kuwa, sai dai a yi mata kyakkyawar shaida. Ba ta taɓa ƙin tashi ba, ba ta cin mai, ba ta shan ruwa, ɗan giris ne kawai abincinta. Ta bi ni cikin taɓo, ta bi ni cikin gargada, ta kai babura har ƙauyukan gindin Zuma inda motar gwamnati ba ta shiga. In ba kaya, tafe take tana gwaram-gwaram kamar mai murnar zuwa kasuwa. In an ɗora mata biyu, shiru take yi kamar mai lazimi, har sai na leƙa madubi don in tabbatar tana nan. In an ɗora na uku ne muryarta ke sauyawa. A kowace kwana sai ta ce ƙiiii, a kowane rami ta ce ƙut. Wanda duk ya tambaye ni, sai in ce waƙa take yi. Yau na yarda ba waƙa ba ce.

Ranar farko da na yi mata lodin uku, akwatin na ukun ya leƙo waje, ƙyauren bayan da Eugene ya yi mata ya ƙi rufuwa. Mai hankali a nan zai sauke ɗaya. Ni kwance ƙyauren na yi, na ɗaure babur da igiya, rabinsa na lilo a iska. Da na dawo gida na kai ƙyauren garken awakina na tare ƙofa da shi. Shekara huɗu awaki ke goga ƙaho a jikinsa, ni kuwa ina ce wa mutane dama haka aka yi ta, ba ƙyaure.

Ciwon ajalinta ya fara a daminar bara. Wata tsaga ta fito mata a wuya, wato ƙarfen da ke haɗa ta da mota. Eugene ne ya gani, yana wucewa muna zaune wurin mai shayi. Ya durƙusa ya kankare da farcensa, ya matso kusa da ni ya rage murya.

Ya ce, "Baba, kawo ta gobe in ɗaure wuyan. Kafin nan kada ka sake ɗora mata uku, nauyin baya ne ke fizgarta."

A hankali ya faɗa, amma ni sai na ga kamar duk teburin ya ji. Ban kai ta ba. Kasuwa na shiga na sayo koren fenti na shafe wuyan, ya yi shar. Mutane suka ce Kofur ya yi wa Guntuwa kwalliya.

Ranar da ta cika, uku ne a kanta. Biyu na wani ɗan kasuwa, na ukun da ke lilo a baya na Yejide mai burodi ne, sabo fil, wanda ta daɗe tana jira don 'ya'yanta su huta da tallar kai. Mun shiga gangare, na ji bayan Landiroba na ɗagawa yana sauka. Guntuwa ba ta ce ƙiiii ba, ba ta ce ƙut ba. Ƙas ta ce, sau ɗaya. Na duba madubi na gan ta ta kama hanyarta daban, ta gangara kwari da kayanta. Alhamdu lillahi ba rai a ciki. Ni na bugi gefen hanya na fito da targaɗe kawai, kuma karo na huɗu ke nan da mutuwa ta leƙo ni ta koma, bayan harsashi da agana da saran kububuwa. A da da alfahari zan ba da wannan labari. Babur ɗin Yejide yana can ƙasan kwari, tayoyi sama, akwati a lotse. Har yau a ka 'ya'yanta ke ɗaukar burodi.

Malam Filibus, a nan ne na ce ka jira ni.

Da aka jawo gawar zuwa tasha, jama'a suka kewaye ni. Sarkin Tasha Gambo ya ce, "Kofur, me ya faru?" Na dubi fuskokin nan, duk mutanen da na shekara ina ba su labarin alfadarai. Sai bakina ya ce, "Waldar Eugene ce ta saki."

Wanda bai san tsakanina da Eugene ba, bari ya ji. Shekarar da ƙasa ta rikice, gab da yaƙin basasa, ya gudu gida can kudu da iyalinsa, ni na ɓoye masa injin waldarsa a rumbuna, ƙarƙashin dawa, har aka gama yaƙi ya dawo na miƙa masa ko noti bai ɓata ba. Wannan ma na ba da labarinsa ya fi sau ɗari. To da Sarkin Tasha ya je rumfarsa ya tambaye shi ko gaskiya ne waldarsa ta saki, abin da ya ce shi ne, "Abin da Baba Kofur ya faɗa, ni ba zan musa ba. Shi ya ɓoye mini inji a rumbu."

Tun daga ranar ba a sake ganin tartsatsi a rumfar ba. Direba ba ya kai motarsa inda aka ce walda na saki, kuma ba laifinsa ba ne, ransa yake so. Duk da haka, kwana bakwai da na yi ina jinyar ƙafa, matarsa Nnenna ba ta fasa aiko mini da farfesu ba, na kuma sha. Shekaranjiya na ji labari ya ɗaure kayansa, ranar Asabar zai hau mota zuwa Anacha. Yaƙi ya kore shi ya dawo. Bakina ne zai kore shi korar da ba dawowa.

Saboda haka ga gaskiyar ciwon marigayiya, a rubuta. Ba a kan walda ta karye ba. Ta karye taƙi guda gaba da walda, a kan tsagar da na shafe da fenti. Waldar Eugene tana nan daram, ko gezau ba ta yi ba. Ni na zaɓi gajeren zane. Ni na cire ƙyaure. Ni na sayi fenti. Guntuwa ta mutu a kan aikin da ba a halicce ta dominsa ba, ba ta kuma taɓa tona mini asiri ba sai da wuyanta ya rabu biyu.

Ta rasu ta bar Landiroba, wadda ke tsaye a ƙofar gida ba abin da ke bin ta. Ta bar tayoyi biyu, ɗaya da sauran rai. Ta bar igiya, da ƙyauren baya, da ragowar fenti a gwangwani. Ta bar mahaifinta Eugene, wanda ya so ta fi haka tsawo. Ta bar Yejide, wadda zan je in tsaya a gabanta daban, don maganarta ba ta takarda ba ce. Ta kuma bar wani tsoho da ya ɗauka ƙarfe alfadari ne.

Jana'iza ranar Alhamis da hantsi, kafin motar Asabar. Ban ce a yi mata salla ba, na san ƙarfe ce. Za a ɗauko ta daga bayan gidana, inda na kai ta bayan an jawo ta tasha, a bi da ita ta tsakiyar tasha, a ajiye ta a gaban teburin mai shayi. Duk mai so ya zo da farcensa ya kankare koren fentin, zai ga tsohuwar tsatsa a ƙasa. Malam Filibus zai karanta wannan takarda da ƙarfi, ina tsaye. Daga nan a wuce da ita rumfar da aka haife ta. Ni zan shiga gaba, ƙyauren a kaina, ba na son kowa ya taya ni.

Ba a karɓar gaisuwa a gidana. Mai ta'aziyya ya tafi rumfar Eugene, kuma kada ya je hannu rabbana. Ya tafi da abin da ya karye masa, ko ƙofa ce, ko gado, ko salansa, ko hannun amalanke. Ina roƙon Sarkin Tasha ya fara kai tasa motar.

Eugene, in ka yarda ka kwance kayanka, akwai tsohon da ke son sabuwar tirela. Ka zo da tef ɗinka da allinka, ka zana yadda ka ga dama. Sandar a gida zan bar ta.

Sanarwa daga Kofur Nata'ala, wanda ya dangwala yatsansa a ƙasan takarda.