Ragon Da Na Ce Na Ceto

Ba zan taɓa mantawa da ranar sunan 'yata ta fari ba, kuma ba don murna kaɗai ba.

A lokacin ni ne mai haɗa kan 'yan sa-kai na yankinmu a wata ƙungiya ta masu kare haƙƙin dabbobi a faɗin duniya. Aikin babu albashi, amma muƙamin yana da tsawo, ni kuwa ina son muƙami mai tsawo. Duk wata mukan yi taro ta bidiyo, daga Indiya, Kenya, Brazil da sauransu, kowa ya faɗi abin da ke damun dabbobin garinsu. Ni damuwata jakunan da ke dakon hatsi zuwa kasuwar Tudun Wada, bayansu duk miki, ƙuda na bi. Na daɗe ina roƙon a turo mana likitan dabbobi da magani.

Wata rana ana tsakiyar taro, sai ragon da nake kiwo don suna ya leƙo ta kafaɗata. Fari ne, da baƙin tabo a ido ɗaya, ƙaho ɗaya a karye. Shugabar tamu, Madam Helena, dattijuwa 'yar Brazil wadda ko ƙwai ba ta ci, ta dafe ƙirji ta ce, "Wayyo! Ceto shi ka yi?"

Na ce e. (A wani fannin gaskiya ne, don na ceto shi daga hannun wani da ya kusa riga ni saye.) Ta tambayi sunansa. Rago dai ba shi da suna, amma bakina ya ce Ɗanlele.

Tun daga nan ba a buɗe taro sai an tambayi lafiyar Ɗanlele. Wani ɗan Kenya har ya nuna mana zanensa da 'ya'yansa suka yi. Ni kuma ina ƙara masa dusa.

Sai ranar da za a yanke shawara kan jakuna ta faɗo daidai ranar suna. Mai hankali zai nemi uzuri. Ni na ce zan iya haɗa biyun. Da aka raɗa suna aka raba goro, na sulale da wayata zuwa bayan gidanmu, gindin darbejiya, don nan kaɗai sabis ke kamawa. Nan ne kuma ake fiɗa. Amma na yi dabara, na sa hoton wata koriyar makiyaya a bayana cikin bidiyon, irin wanda ke ɓoye komai sai abin da ya matso kusa da kai.

Madam Helena ta ce, "Ina Ɗanlele yau?"

Na ce, "Yana hutawa."

Na fara bayani, kuma wallahi ban taɓa magana mai kyau kamar ta ranar ba. Ina cikin cewa dabba ma tana jin zafi, bakin faɗa ne ba ta da shi, sai na ga fuskoki sun canza. Daga cikin koriyar ciyawar nan wani hannu ya ɓullo. A hannun akwai kai. Fari, da baƙin tabo a ido ɗaya, ƙaho ɗaya a karye.

Garba ne, taubashina, wanda bai taɓa yin magana a hankali ba tun da aka haife shi.

"Angon ƙarni! Inna ta ce a tambaye ka, kan nan ungozoma za a kai wa ko wanzami? Kai, yi magana mana, ƙuda na damuna!"

Ba su jin Hausa, amma ba su nemi tafinta ba. Dabarar da ta zo min ita ce in ƙame, ko ƙifta ido kada in yi, don su ɗauka sabis ne ya ɗauke. Na ƙame kuwa. Sai dai Garba bai ƙame ba. Ya leƙo cikin wayar, ya ga Turawa, ya ɗaga musu hannu da fara'a. Da hannun da ke riƙe da kan.

Madam Helena ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi min sauƙi. Cewa ta yi, "Mun san ana cin nama a duniya, wasunmu ma a nan suna ci. Abin da ban sani ba yanzu shi ne ko jakunan nan naka ma akwai su."

Akwai su. Suna nan da mikinsu, kuma haka suka ƙare daminar nan ba magani, saboda an ɗage maganar har sai an tabbatar. Wannan ya fi kunyar yi min ciwo, har yau ina jin sa in na ga jaki da kaya. Sai bayan kaka likita ya zo, ta hannun wata malamar makaranta daga Ƙiru da ta gaje ni a muƙamin, wadda tun ranar farko ta gaya musu tana kiwon kaji kuma ba don ado ba.

Darasin da na koya shi ne, in baƙo ya tambaye ka rago, ka ce masa rago ne, kuma ka faɗa masa ranar. Naman kuwa na ci. Ya yi daɗi, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.