Sitikar Ƙofar Shagon Kawu

Da Kawu ya kama shagon taki a Funtua, ni ya ba aikin manna sunan shagon da sitika, wai ni ne mai digiri. Tsoron kada in kunyata shi ya sa na je da sassafe, shagon na rufe. Na goge ƙofar ƙarfen, na auna, na sake aunawa, har zare na ja. A ganina dai, ko harafi ɗaya bai karkace ba.

Kawu na zuwa ya wangale ƙofofin biyu suka jingina da bango. Rubutun duka ya koma baya.

Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ɗana, sai mun tashi za a san me muke sayarwa?"

Har yau in na doso layin, maƙwabtansa ke ɗaga murya: "Alhaji, rufe shago mu ga aikin mai digiri!"