Ashirin da Bakwai, Kowa Lamba Ɗaya

Duk Ingila da wuya a sami jarumi kamar Mista Horace Pickworth, shugaban ƙungiyarmu ta 'yan mazan jiya na rundunar bindiga mai jigida. Wanda ke shakka ya tambaye shi, zai ji komai daga bakinsa, har da abin da bai tambaya ba. Mu dai Sarkin Aman Wuta muke ce masa. Ya ɗauka yabo ne, har ya sa aka rubuta masa a jikin kofin shayinsa.

A yaƙin duniya na farko mutum shida ne ke hidimar bindiga guda. Lamba Ɗaya shi ke zama ya harba, Lamba Biyu ya zura masa jigidar harsashi, sauran huɗun kuwa 'yan dako ne, masu jidar akwatin harsashi da ruwan sanyaya bindiga. Bayan yaƙi gobara ta cinye takardun rundunar, ita kanta rundunar aka rushe ta. Tun daga nan Horace ya tuna cewa shi Lamba Ɗaya ne.

Da ya hau shugabanci sai ya kafa doka: ranar fareti Lamba Ɗaya ne kaɗai za su shiga sahun gaba.

"Ba raini ba ne, 'yan'uwa," in ji shi, yana shafa lambobin girman da ke ƙirjinsa. "Mai ɗauko ruwa ma mutum ne. Amma tarihi na son tsari."

Kafin mako ya zagayo, mu ashirin da bakwai duk mun tuna cewa mu ma Lamba Ɗaya ne. Har Cyril Blanchard, wanda kowa ya san alfadarai ya yi kiwo a Faransa. Shekara tara muna fareti a sahu ɗaya tal, faɗinmu ya fi titin garin, na gefe suna tafiya a kan dakalin kantuna.

A shekarar 1958 Cyril ya ce zai tsaya takarar shugabanci. Hankalin Horace ya tashi, don in aka raba shi da kujerar nan shi ba kowa ba ne illa tsohon mai kantin takalma. Sai ya roƙi barikin soja su ara mana bindiga, ya gayyato magajin gari da matarsa filin harbi ranar zaɓe, jama'a su ga bambancin gwani da mai alfadari.

Ya yi jawabi na minti arba'in cikin yayyafi. Ya ce shi kaɗai ya tare bataliyar Jamus wuni guda, bindigarsa ta yi zafi har ruwan cikinta ya tafasa, ya haɗa shayi da hagu yana harbi da dama. Daga nan ya juyo gare mu.

"Lamba Biyu, fito."

Kowa ya duƙufa kallon takalminsa.

"Lamba Uku fa?"

Wa zai fito ya tona wa kansa asiri? Dole Horace ya tuɓe kwat ya shiga aiki shi kaɗai. Gaskiya a nan ya burge mu. Ya saɓa akwatin harsashi biyu ya ruga da su a sunkuye, ya ɗura wa bindigar ruwa ko ɗigo bai zube ba. Mutum mai shekara sittin da biyar, amma jikinsa ya san dako kamar jiya ya bari.

Sannan ya zauna a bayan bindiga, ya gyara gashin baki, ya runtse ido ɗaya, ya zura ɗan yatsa ƙarƙashinta yana neman kunama. Ya laluba gaba, ya laluba baya. Ya leƙa. Gumi ya keto masa duk da sanyin da ake yi. Mu kuwa muna tsaye a sahu muna gyaɗa kai irin na masana.

Matar magajin gari ce ta gaji. Ta miƙa wa mijinta laima ta matso.

"Mista Pickworth, ba ta da kunama a ƙasa. Ka ɗaga sakatar nan, ka danna wannan da manyan yatsunka biyu. Shekara uku na yi ina haɗa irinta a masana'anta lokacin yaƙi."

Horace ya miƙe a hankali, ya kakkaɓe wandonsa.

"Madalla, uwargida. Dama jarraba mazajen nan nake yi, in ga wa zai lura."

Abin kunyar shi ne babu wanda ya lura. Na fi kowa gyaɗa kai, kuma har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun yi zafi.

Da aka koma zaure don zaɓe, magajin gari ya ba da shawara cikin fara'a: duk mai son kujerar ya fara zama a bayan bindiga ya nuna wa jama'a. Cyril ya ce ciwon gwiwarsa ya motsa, ya janye. Muka sake zaɓen Horace, ƙuri'a ashirin da bakwai cif, babu hamayya.