Gawar da Ta Ƙi Kwanciya

"Lafiya lau, amarya, in ban da bayan nan nawa," in ji Don Nicanor, yana dafe ƙugu tun kafin jikarsa Itzel ta ajiye tamal mai zafi, wato alalar masara, da ta kawo masa.

Itzel ta ƙare masa kallo. A ƙuruciyarsa, shi ne ya fito a matsayin gawar da ke tashi daga akwati a wani tsohon fim ɗin fatalwa da aka ɗauka nan garin Guanajuato na ƙasar Meziko. Yanzu ana sake yin fim ɗin, ita kuma aikinta na farko ke nan a matsayin mai yi wa 'yan wasa kwalliya. Ta riga ta cika wa darakta baki cewa za ta kawo masa gawar ta asali. In tsohon nan ya ƙi zuwa, da wane ido za ta kalli mutane?

"Bayan da ka cashe rawa da shi ranar Asabar?" ta tambaya.

"Rawar ce ta karya shi."

"Tashi, tsoho, mota na jira. Aikin ma kwanciya ce, sana'arka ta kullum."

"Ni ba na fim ɗin yaran zamani. Wai fatalwa da kwamfuta! A zamaninmu garin masara kawai aka shafa min, ina miƙewa mata suka yi ta suma a sinima. Wani ƙato har takalminsa ya bari."

"Marigayiya matarka ta ce ita dariya ta sha, don ta hango agogo a hannun gawa."

"Kishi ne! 'Yan matan garin nan kaf gawar suke so, shi ya sa ta yi wuf ta aure ni."

"Yanzu kam ka rage min wahala. Darakta ya ga hotonka ya ce, wace gwana ce ta yi wannan kwalliya? Na ce ai haka yake tashi da safe."

"Ji mara kunya! Ke da wannan gashin naki kamar tsintsiyar da akuya ta tauna, me ya hana su sa ki fito a mayya? Na fasa auren!"

"Fasa mana. Wa zai kwashe ka, da haƙora uku?"

"Huɗu ne. Ɗaya yana hutu."

Ta fashe da dariya, amma shi bai taya ta ba. Ya zauna bakin gado yana juya hularsa a hannu.

"Itzel," ya ce a hankali, "wancan lokacin ina saurayi, akwatin wasa ne. Yanzu tsoro nake in kwanta in ji ya yi min daidai."

Ta zauna kusa da shi ta riƙe hannunsa.

"Kaka, duk wanda ya shiga akwatin nan shi ke nan. A garin nan kai kaɗai ka taɓa shiga ka fito, har aka yi maka tafi. Yau ma fitowa za ka yi. Ina nan tsaye a kanka, in ka daɗe in ja kunnenka."

"In barci ya kwashe ni fa?"

"Sai mu naɗi minsharinka. Ya fi kukan kowace fatalwa ban tsoro."

Dariya ta ƙwace masa har da tari. Ya raba tamal ɗin biyu, ya miƙa mata babban.

"Kin ci ni, ja'ira. Amma ki gaya wa daraktan naki a sa min matashin kai, kuma ba a rufe murfi. Gawa ce mai daraja."

Suna fita, maƙwabciyarsu Doña Remedios ta leƙo ta taga. "Don Nicanor, ina zuwa da sassafe, an ci ado haka?"

Ya ɗaga mata hula. "Jana'izata, maƙwabciya. Amma ki ajiye min abincin rana, yanzu zan dawo."