Jinin Da Shugaba Ya Yi Wa Tanadi

Wanda bai san Shugaban Ƙungiyar Masu Ba Da Jini ta unguwarmu ba, to bai taɓa bi ta ƙofar asibiti ranar gangami ba. Mutum ne cikakke ta kowace fuska, musamman ta wajen tumbi. Muna kiransa Jijiyar Al'umma. Ni na raɗa masa sunan, shi kuma ya sa aka rubuta a gilashin motarsa. Mijin yayata ne, ni ne sakatarensa, mai riƙe masa lasifika, mai fara tafi tun bai kai ƙarshen magana ba.

Baki kuwa Allah ya ba shi. In ya hau tebur ya ce, "Jini ba naka ba ne, ajiya ce aka ba ka!" sai ka ga ƙatti suna naɗe hannun riga. Ya kwantar da direbobi, ya kwantar da teloli, har wani mahauci da ke suma in ya ga jinin kansa sai da ya kwanta. Abu ɗaya ne kawai. Shi Shugaba allura ba ta taɓa ganin jijiyarsa ba.

Kada wani ya ce tsoro ne. Tanadi ne. Ya sha yi mana bayani cewa janar ba ya shiga ramin soja, nasa jinin ya ajiye shi ne don ranar da wani babban mutum zai buƙaci jinin da ya dace da shi. Da na ga hikimar sai ni ma na ajiye nawa, tunda janar ba ya zama babu magatakarda.

To, abin da aka ajiye ai sai an kula da shi. Da safe cokali biyu na maganin ƙarin jini, da rana ƙwayar sinadarin ƙarfe, da yamma soyayyar hanta da jan nama. Lemon kwalba da biskit ɗin da ake tanadar wa waɗanda suka ba da jini, in sun yi saura, mu biyu muke rufe ƙofar ofis mu taimaka musu. Kuma kullum sai sun yi saura, don ni nake lissafin rabon. Motsa jiki kuwa, kujerarsa mai juyawa ce, tana yi masa. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, ni ma hudojin bel ɗina sun ƙare.

Ana nan sai kasala ta fara kama shi. Ya yi gyangyaɗi a tsakiyar jawabinsa, na yi tafi don in tashe shi. Yayata ba ta ɗauki abin da wasa ba, ta tasa shi gaba zuwa wajen likita. Aka ɗebi ɗan jini a sirinji, idonsa a rufe gam. Ya ce addu'a yake yi.

Sakamako ya fito. Akwai wani awo da ake kira feritin, mai nuna yawan ƙarfen da jiki ya ajiye. Shugaba ya dubi adadin da aka ce na lafiyayyen mutum ne, ya dubi nasa, ya ga ya ninka shi ya sake ninkawa. Fuskarsa ta washe. A taron wannan makon ya ɗaga takardar sama.

"Wasu suna cewa ba na bayarwa. To ga shaida. Abin da ke jikin mutum guda a nan, ku duka in an tara ku ba ku da shi."

Na yi tafi har tafin hannuna ya yi zafi.

Likita ce ta ɓata mana biki. Ta nuna masa hoton cikinsa, hanta ta yi fari fat da kitse. Ta ce wannan adadi ba makin jarrabawa ba ne, yakan hau ne in hanta tana shan wuya, kuma yadda ya hau a wurinsa tana tsoron tabo ya fara kama ta. Ƙarin gwaji ya nuna ƙarfe ya taru masa da gaske. Dole ya bar maganin, ya rage tumbi, ya riƙa tafiya da ƙafa, sannan a riƙa ɗibar jininsa lokaci-lokaci. In tabon ya zauna, ba ya tashi. Yayata ta fashe da kuka, ni ma wallahi na taya ta, don duk iya shegensa mutumin nan shi ya riƙe ni tun ina makaranta. Da likita ta ji tare muke shan maganin ƙarin jinin, sai ta ce ni ma in miƙo hannu a gwada.

A duk bayanin nan, abin da ya shiga kunnen Shugaba shi ne asibiti na neman jininsa. Babbar rana ta zo ke nan. Na sa aka buga ƙyallen sanarwa, na ɗauko mai hoto, na rubuta jawabi. Ya kwanta a gadon da ya kwantar da mutane da yawa, gumi na zuba. Ledar jini ta cika. Ya buɗe ido ɗaya ya tambayi nas, cikin ƙasaita, wane mai rabo ne za a ƙara wa.

"Ranka ya daɗe, wannan ba a ƙara wa kowa," in ji ta.

Ta taka fedar kwandon shara mai jan murfi, ta jefa ledar ciki. Mai hoto, ɗan halak, ya ɗauki wannan ma.

Ban samu damar jajanta masa ba, don nas ta kira ni, ni ne na gaba a layi. Nawa sakamakon ya fito da safiyar ranar, kuma adadina ya fi nasa. Tun da nake bin mutumin nan ban taɓa fin sa a komai ba sai ranar. Allah ya yafe mini, ina naɗe hannun riga ina jin daɗi.