Sun Kashe Hansai da Ranta

"Lafiya ƙalau, alhamdu lillahi. Ya mutanen Kausani? Ya Kawu da ƙafa?"

"Ƙafa da sauƙi. Ya ce in gaishe da bawanmu, in har yana gane mutane."

Halliru mai gyaran rediyo bai ko ɗago kai ba. Juma'a ce, kasuwar Wudil ta fara cika, ga kukan shanu yana tasowa daga kara. Suwaiba, 'yar kawunsa, ta sauke jarkokin man gyaɗarta a ƙofar shagon ta zauna a benci ba tare da an ce bismilla ba. Taubasai ne, kuma tun suna yara ba su taɓa haɗuwa sun rabu ba a yi wa juna tas ba.

"Matsa min daga haske," in ji shi. "Jarkokinki ma sun fi ki kyan gani."

"Wane haske? Shagon da ko ɓera ya shigo sai ya nemi tocila? Ungo saƙonka. Ƙato da kai, da furfura, kunya ta hana ka zuwa wurin masu tura fim a waya, sai ka aiki uwargijiyarka."

"Ki rage murya mana."

"Ba zan rage ba. Jama'a, Halliru ne ya aike ni in turo masa tarihin Yahuza Bakingada!"

Ya ajiye abin da ke hannunsa ya jawo ƙofar kaɗan. Duk tsofaffin layin sun san dalili. Shekara ashirin da biyar da suka wuce, Yahuza ke waƙa a gidajen biki, Halliru ke danna masa fiyano. Tare suka yi kaset ɗin farko. Da kaset ya fito, babu sunan Halliru a bango. Ya sayar da fiyanon a satin, ya daina yi wa Yahuza magana. Yahuza ya koma Kano, sunansa ya kai har Yamai da Agadas, yara na rera waƙarsa a kowane lungu. Bana shekara uku da rasuwarsa.

Suwaiba ta jingina wayarta da wata tsohuwar rediyo. "Guda uku ne. Yaron ya ce duk masu zafi ne."

Fim ɗin farko ya fara da kiɗa mai ƙarar tsiya. Wata murya kamar ta mai mura ta ce an haifi fitaccen mawaƙin a tsakiyar birnin Kano, gidan attajirai. Sai ga hoton wani yaro fari sol da kwat.

"Wannan kuma ɗan waye?" in ji Halliru.

"Yahuza ne yana ƙarami."

"Yahuza da ya fi gindin tukunyarki baƙi? A Indabo aka haife shi, ɗakin da ke jikin rumbu. Takalminsa na farko ni na ba shi, kuma ƙafa ɗaya ta fi ɗaya girma."

"To ai ka ga laifinka. Da ka ba shi masu kyau da an sa ka a fim."

"Ke dai an cuce ki. An ga baƙauya da jarka, an tura miki shara."

"Ni baƙauya? Ni da na taɓa shiga mota mai sanyi har Kaduna? Kai iyakarka gada. Ko ruwan kogin nan ya fi ka yawo."

Fim na biyu ya zo kan waƙar da ta fito da Yahuza, wadda yake kiran sunan Murja. Mai bayanin ya rantse cewa Murja wata 'yar Larabawa ce da suka haɗu a jirgin sama, ta yaudare shi. Aka nuno wata mata da gilashi tana tafiya a bakin teku.

Halliru ya dafe kai. "Inna lillahi. Murja fa! Murja mai soya kifi a bakin gada. A shekaru ta haife mu. Haƙoranta uku. In mun dawo daga biki da yunwa ita ke tara mana kawunan kifi a takarda, ta ce mu ci mu yi mata waƙa. A kan bencinta na fitar da kiɗan nan, da cokali da kwano."

"Kai ka fitar? Kai da ko tafi ka yi sai kaji sun watse?"

"Wallahi ni na fitar."

"A wane fim aka faɗa? Ni ban gani ba. Can wajen ƙarshe dai an ce yana da wani makaɗi tun farko, wai shi Haladu, wanda ya haukace ya bi duniya."

"Haladu?"

"Haukan dai sun gano daidai. Sunan ne suka kuskure."

Ya so ya rama, amma ta riga ta danna na uku. Wannan ya fi sauran tsari, har da hoton gadar Wudil ta gaske, da masunta a cikin kwalekwale. Halliru ya gyara zama. Sai mai bayanin ya sassauta murya ya ce Yahuza ya tashi maraya, mahaifiyarsa ta rasu yana ɗan shekara biyar, shi ya sa duk waƙoƙinsa ke da ɗacin rashin uwa.

Halliru ya miƙa hannu ya kife wayar.

Hansai, mahaifiyar Yahuza, tana nan da ranta a Indabo. Ita ce take zuba musu tuwo a kwano ɗaya, ita ce take ɓoye fiyanon a ƙarƙashin gadonta lokacin da mahaifin Halliru ya rantse sai ya fasa shi. A waje wani mai kura yana ta ihu a ba shi hanya.

"Ta gani," in ji Suwaiba. Wannan karon babu dariya a muryarta. "Jikokinta suka nuna mata. Na kai man gyaɗa Indabo ranar Talata na same ta a zaure. Ta ce, 'Suwaiba, ashe na mutu ban sani ba.' Tana dariya tana share ido da bakin mayafi."

"Marasa tsoron Allah. Mutum ya zauna a ɗaki da waya ya kashe tsohuwa da ranta."

"Su ai ba su san ta ba. Bara wasu samari biyu sun zo nan da kyamara, ɗalibai daga jami'a, har da wata Rifkatu mai ladabi, ta durƙusa ta gaishe ka. Me ka yi musu?"

Ya sunkuyar da kai, ita ta ci gaba.

"Ka ce ba ka san wani Yahuza ba. Ka ce in ba rediyo suka kawo ba su ba ka wuri. To ga shi, sun bar ka, waɗanda ba su san komai ba sun yi nasu."

"Ya cire sunana, Suwaiba."

"Ya cire. Ko mai buga bangon ya cire, ka tsaya ka tambaya? Da yana asibiti sau nawa ya aiko?"

"Sau biyu." Ya juya wata ƙaramar ƙusa a tafin hannunsa. "Na biyun na sa riga, na fito har tasha. Mota ta cika saura mutum ɗaya. Na tsaya ina kallonta har wani ya zo ya shiga. Na ce gobe. Da asuba aka faɗi rasuwarsa a rediyo. A wannan rediyon, ina cikin gyara ta."

Suwaiba ta dubi rediyon, ta kau da kai.

"Kuma ko gaisuwar mutuwa ban je ba," ya ce. "Da wane ido zan kalli Hansai? Kullum sai in ce in an yi arba'in, in an shekara. Yanzu shekara uku. Ni da masu fim ɗin nan, ban san wa ya fi binne ta ba."

Suwaiba ta ja tsaki mai tsawo, irin wanda ta saba.

"To sai ka zauna kana yi min kuka a kan kayan mutane, su yi tsatsa? Ta tambaye ka, in kana son sani."

Ya ɗago da sauri. "Me ta ce?"

"Ta ce, 'Ina yaron nan mai kunnuwa, mai cin tuwo kamar an aiko shi?'"

"Ƙarya kike. Ba ta ce kunnuwa ba."

"Na ƙara kunnuwan. Tuwon nata ne."

Dariya ta kuɓuce masa, irin wadda ke fita da ƙyar. Ya share fuska da hannun riga.

"Gobe Asabar," in ji ta. "Zan biyo da hantsi. Ka je ka gaishe ta, ka zauna a gabanta ka faɗi yadda aka yi, tun daga ɗakin jikin rumbu. Lambar Rifkatun nan tana wurin maƙwabcinka mai shayi, na tambaya. In sun zo, Hansai ta yi magana da bakinta, kowa ya ga tana numfashi."

"Wato kin gama shirya komai kafin ki zo. Aiken nawa ma tarko ne."

"Kai ka aike ni. Ni kuwa ba a aikena in dawo da rabi."

"In ta kore ni fa?"

"Sai in taya ta. Na daɗe ina neman dalili."

Halliru ya girgiza kai. Ya leƙa waje ya kira mai rake, ya zaɓi kara mafi kauri, ya sa aka fere aka yayyanka, ya zube mata a cinya.

"Na sallama, 'yar Kawu. Yau kin kayar da ni."

Ta ɗauki guda ta gatsa, ta tauna, ta yamutsa fuska. "Ko raken ma ba ka iya zaɓa ba."

Amma ta ƙulle sauran a bakin zane. Ta ɗauki jarkokinta, har ta kai bakin layi ta juyo.

"Ka zo da yunwarka. Ta ce in za ka zo a faɗa mata da wuri, ta jiƙa dawa."