Ƙullin da Ya Hau Dutse

"...da gajiyar ɗaurin kaya, amarya? Ko har yanzu kukan barin gida kike yi?"

"Gajiya da sauƙi. Mijin da ya shigo da hantsi ko ƙosai bai riƙo ba, shi ne zai tambaye ni gajiya?"

Haka na tarar da su ranar Asabar ɗin nan a gidan Kaka Susanna da ke unguwar Lamorde a Mubi. Ni maƙwabciyarta ce, katanga ɗaya ta raba mu shekara goma sha takwas, na shigo ne in yi mata sallama. Ciwon ƙafa ya matsa mata, 'yarta Margret ta ce ta koma wurinta a Yola, mota kuma za ta zo ƙarfe biyu. Margret ta kafa doka ta waya: akwati ɗaya da jaka ɗaya, sauran tarkace a bai wa Lawali mai gwangwan. Wanda aka ɗora wa aikin shi ne Japhet, jikan Kaka, ɗan marigayi Tizhe, saurayi ɗan shekara ashirin da biyu, mai dogon wuya da dogon baki. Tun da ya iya magana yake kiranta amarya, ita kuma tana kiransa ragon miji, kuma ban taɓa jin sun yi minti biyar lafiya ba.

Ina zama sai ga shi ya jawo wani ƙulli daga ƙarƙashin gado, a naɗe cikin tsohon zane, ya nufi tarin kayan Lawali da shi.

"Kai! Aje wannan a hankali kafin in tsinke maka kunne."

"Wannan? Tsaya, ai na gane shi! Ba shi ne kika ɗora mini a kai ba shekarar gudu, da duk Mubi ta watse? Ina shekara goma sha biyu, na hau dutse da shi kwana biyu, kina bayana kina cewa in ya faɗi ni ma in bi shi."

"Shi ne. Kuma har yau ban ga wani aikin kirki da ka ƙara yi ba."

"Yau dai sai na ga zinariyar da ta kusa karya mini wuya."

Ni ma na matso na leƙa, don na sha jin labarin ƙullin nan. Japhet ya kwance zane, ya kwance leda, ya kwance wata ledar. Sai ga ɗan injin wasan tibi na roba, fari da ya koma ruwan ƙasa, da hannayen dannawa biyu masu dogayen wayoyi, da kaset ɗaya rawaya. Ya tsaya baki buɗe.

"Gem? Kaka, gem? Mutane suna gudu da takardun fili, wasu da awaki, ke kika gudu da gem? A kaina?"

"To kan naka me yake ɗauke da shi a lokacin? Ba komai a ciki, na ce bari a sa wani abu a sama."

"Wannan ko Lawali sai ya yi tunani kafin ya karɓa. Anti Margret ta ce akwati ɗaya."

"Margret ni na haife ta. Mota za ta tafi da ni da wannan, ko ta tafi da akwatin kaɗai."

Ya tsuguna yana jujjuya injin, abin ya fara ba shi sha'awa duk da bakin da yake yi. Ya karanta jikin kaset ɗin ya fashe da dariya.

"Wai gem dubu tara da ɗari tara da casa'in da tara a ciki!"

"Guda biyar ne. Sauran maimaici ne, kamar alkawarinka na saya mini takalmi."

"A ina ma kika samo shi? Ke da ko rediyo sai an kunna miki."

"A kasuwar Mubi, wurin wani Ibo. Gyaɗar da na noma da hannuna na sayar na saya, kai ko labarinka ba a fara ba. Babanka ne ya dame ni. Kullum yana mayo, kogin nan, yana wanka da yara, a shekarar kuma ruwa ya cinye ɗan maƙwabta. Na yi duka, na yi faɗa, na kai shi wurin fasto, a banza. Sai aka ce akwai abin da ke ɗaure yaro a ɗaki ba igiya. Ranar da na kawo, Tizhe bai ƙara tambayar hanyar mayo ba."

"Ashe tun lokacin ana yaudarar yara."

"Kai da wa ya yaudare ka? Ba na ganinka da naka baƙin abin, kana ihu kai kaɗai kamar mai aljanu?"

"Nawa ai jikan jikan wannan ne. Na karanta tarihinsu. Na farko-farko, wajen shekara hamsin da suka wuce, sanda biyu ne kawai da ɗigo ɗaya yana kai-komo a tibi, Turawa suna ta murna. Sai aka yi na kaset irin naki. Sai na faifai. Yanzu ko faifan ma ba dole, daga iska ake jawo gem. Jiya da wani ɗan Brazil na buga ƙwallo."

"Ya zo Mubi?"

"Yana ƙasarsu."

"Ka taɓa ganinsa?"

"A'a."

"Da ka ci shi, ka ga fuskarsa?"

"Ina zan gani?"

"To me ka ci? Ni in na ci mutum, ina so in ji yana numfashi a kusa da ni."

Japhet ya ɗago kai a hankali. Ni ma sai da na gyara zama.

"In kin ci mutum? Ke? Kina bugawa?"

"Wa kake tsammani yake riƙe hannu na biyu? 'Yan matan gidan nan sun ce abin maza ne. Tizhe ya yi ta naci har na zauna. Wake nawa na ƙona a kan gem ɗin nan, kakanka ya dawo daga Belel ya tarar da hayaƙi a kicin, mu muna ɗaki muna harbin tankoki."

"Ke da kika ji ƙarar bindiga ɗaya kika riga kowa hawa dutse?"

"Na tibi ba ya ramawa a jiki. Jona shi ka gani. In ya tashi kuma na ci ka, zai shiga mota. In ka ci ni, kai wa Lawali da hannunka."

Da wasa ta faɗa, amma na ga yadda ta damƙe bakin zanenta. Tun rasuwar Tizhe, Japhet yana shekara uku, ba ta sake kunna shi ba, kuma ba ta da tabbacin zai tashi.

Allah ya taimaka akwai wuta, tsohuwar tibi mai ƙeya kuma ba a kai ta tarin Lawali ba tukuna. Japhet ya jona wayoyi, ya cusa kaset, ya danna. Tibi ta kawo wasu zane-zane kore da ja, ta tsaya cak.

"Shi ke nan, amarya. Ya riga ki tafiya. Sai haƙuri."

"Ba ni kaset."

Ta zare shi, ta kai bakinta, ta hura cikinsa sau uku, fuu, fuu, fuu, ta goga shi a zane.

"Kaka, masana sun ce hurawar nan ba ta yin komai. Yawu ma lalata shi yake."

"Wanda ya faɗa ba shi da huhu. Mayar, kuma kar ka danna shi har ƙasa, bar masa ɗan wuri."

Ya mayar. Sai ga wani kiɗa siriri, tin-tin-tin, ya cika ɗakin, da bulo ja jere a tibi, da ƙananan tankoki biyu a ƙasa. Japhet ya yi ihu har kajina suka amsa daga ƙetaren katanga. Kaka kuwa ta jawo hannu na ɗaya ta riƙe.

"Ka ga tsuntsun can a ƙasa cikin bulo? Shi muke gadi. Wanda ya fi harbe tankoki shi ya ci."

"Maɓalli biyu kacal? Nawa goma sha wani abu ne. Wannan ko ina barci."

"To kwanta."

Yatsun da ba sa iya zura zare a allura, na rantse sai ga su suna rawa a kan maɓallai. Ta harbe ɗaya, ta harbe biyu, tana tsaki tana cewa ya matsa mata daga hanya. Japhet ya shige lungu ya kasa fita.

"Hannun nan ya lalace!"

"Haka babanka yake cewa."

"Wancan ta ina ya ɓullo? Kaka, tare shi, tare shi!"

"Kai ne miji, kai za ka tare gida."

Ya juya tankarsa da sauri zai tare, ya danna harbi sau biyu. Bulo ya fashe, tsuntsun da suke gadi ya tarwatse. Da hannunsa ya harbe gidansu. Kiɗa ya mutu.

Kaka ta buɗe baki za ta yi masa dariyar da ta shekara goma sha tara tana ajiye, sai ta tsaya. Japhet ya kafe tibi da ido, don haushi ya kai wayar hannun bakinsa yana taunawa, bai ma san yana yi ba.

"Cire daga bakinka," ta ce, muryarta ta sauka. "Duba wurin."

Ya duba. Dab da inda haƙoransa suka shiga, akwai wasu tsofaffin sawun haƙora, sun lotsa robar.

"Na Tizhe ne. Duk ranar da na ci shi, nan yake huce haushi."

Japhet ya daɗe yana shafa wurin da babban yatsa. Bai san muryar ubansa ba, hoto biyu kawai ya sani. Tausayinsu ya kama ni har na rasa inda zan sa idona, sai na hau gyara bakin wata jaka da ba ta buƙatar gyara.

Can ya ja hanci, ya yi dariya, ido jajur.

"Na sallama, amarya, kin ci. Zan cire bargo ɗaya daga akwati. In Anti Margret ta yi faɗa, in ce ni na harbe tsuntsu."

Ya fara naɗe kayan. Kaka ta riƙe hannu na biyu, ta zare wayar hannun daga jikin injin, ta cusa masa shi a aljihun riga.

"Injin zai tafi Yola, wannan zai zauna a Mubi. Gem ɗin nan mutum biyu yake so. In kana son ramuwa, ka san hanyar tasha."

"Asabar mai zuwa za ki gane kurenki."

"Ina jira, ragon miji. Kuma wannan karon ka riƙo ƙosai."